Tsargiyar Yayana

A bakin kogin Wudil muka tashi, ni da yayana. Mahaifinmu masunci ne, amma mu ba kifi muka bi ba, yashi muka bi. Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ka tuƙa jirgi zuwa tsakiyar ruwa, ka nutsa da bokiti, ka ciko, ka miƙa wa na sama ya juye. In jirgi ya cika a fito gaɓa a sauke, mota ta zo ta kwashe. Ban yi makaranta ba. Ruwa na sani, sai yashi.

Duk yaron da ya taso a bakin ruwan nan sai ya yi fitsarin jini. Tsargiya ake ce mata. A zamaninmu ba a ɗauke ta ciwo ba, alamar girma ce. Yaro ya ga ja a ƙarshen fitsarinsa sai ya kira 'yan'uwansa su gani, a ce ya zama namiji. Wanda tasa ba ta zo ba a yi ta tsokanarsa, ana cewa ya koma cikin gida ya taya matan gida daka. Ni ma da na ga tawa murna na yi. Tawa takan zo ta tafi. Ta yayana da ta zo, zama ta yi.

Yana saurayi ta fara cin jikinsa. Tafin hannunsa ya yi fari, cikin idonsa ma haka. Ya nutsa ya ciko bokiti, amma ɗagawa ta gagara. Mahaifinmu ya gwada saiwoyi da jiƙe-jiƙe, ba su yi ba. Sai ya kai shi ɗakin shan magani, ni kuma na bi su.

Allura ce maganin a wancan lokacin. Ba a ɗuwawu ake yin ta ba, a jijiyar hannu ake yi, a hankali, malamin asibitin yana turawa yana kallon fuskar mutum. In an gama sai ka kwanta a tabarma a inuwa, ba tashi. Ba kuma sau ɗaya ba ce, sai ka yi ta komawa har a ce ka gama. Kafin a zare allurar tari ya kama mutum, daga nan amai, daga nan gaɓoɓi su ɗauki ciwo. Na ji malamin yana gaya wa mahaifinmu cewa dangin tozali ce, irin wanda mata ke sa wa a ido, aka narkar aka gyara. Ya ce tsutsa ce a cikin jijiya, ita ake so a kashe, kuma abin da zai kashe ta dole ya taɓa mai ita.

Akwai wani mutumin Lajawa da suke karɓa tare, ƙato, mai yawan raha. Wata Juma'a aka yi masa tasa, aka ce ya kwanta. Ya ce yana da akuya a kasuwa, dillali na jiransa. Ya tashi, ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, ya faɗi. Bai tashi ba. Yayana yana kwance a tabarma yana kallo.

Da muka fito ya ce, "Baba, ba ni ba su."

Mahaifinmu ya ce, "Saura kaɗan ka gama."

"In gama kamar yadda wancan ya gama?"

Bai koma ba. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, bai koma ba. Yanzu da na tsufa nakan tuna allurar nan. Ban ce mugunta aka yi mana ba. Abin da ke hannunsu ke nan. Masu haɗa ta sun gano yadda za a kashe tsutsa, ba su kai ga gano yadda za a bar mutum lafiya ba tukuna. A jikin irinmu aka koyi sauran.

Ana nan sai motar wani kamfani ta fara zuwa kasuwar Juma'a. Farar mota ce mai lasifika a ka, an zana hoton wani ƙato a jikinta, ƙirji a waje, ya ɗaga ƙarfe sama. Mai magana a lasifikar wani saurayi ne Bazazzagi, siriri, baki kamar ganga. Tun daga gada kake jin muryarsa.

"Jama'ar Wudil! Manoma, masunta, masu shanu! Kai mai jar hula, kai nake nufi, tsaya! Me ya sa kake tafiya kamar an jiƙa ka? Jini ne ya yi ƙasa! Ga shi a kwalba, daga ƙasar Turawa, ba allura, ba ɗaci! Cokali da safe, cokali da yamma, matarka da kanta za ta zo ta gode mini!"

Mutane su yi ta dariya, su matso. Sai ya ɗaga kwalbar a rana. Ja wur, mai kauri, da hoton ƙaton nan a jiki. In an yi magariba su kafa farin ƙyalle a fili su nuna majigi. Wani ramamme ya kasa ɗaukar buhu, ana yi masa dariya, ya sha cokali ɗaya, ya dawo ya saɓa buhun ya wuce. Mun san wasa ne. Duk da haka mun yi tafi.

Yayana ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa. Sai ya ce da ni, "Ka ga magana mai hankali. Ja ke fita, ja zai shiga."

Ban ga kuskure a maganar ba. Babu wanda ya gani. Ya saya ya sha, kuma ya ji ƙarfi. Ba zan yi ƙarya ba, idonsa ya dawo da ɗan ja, ya koma ɗaga bokiti. Jinin dai bai daina fita ba. Ana zubawa ta sama, yana tsiyaya ta ƙasa.

Bayan wasu shekaru motar ta daina zuwa. Bazazzagin bai tafi ba. Ya yi aure a garin, ya kafa tebur a gindin bishiya, daga baya ya buɗe kemis kusa da tasha. Kamfanin farko ya ɓace, wasu suka fito da irin nasu jan ruwan, kowa da hotonsa, wani zaki, wani ɗan dambe. Yayana ya bi su duka. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biya ta kemis. Suka zama abokai, irin abotar Bakano da Bazazzagi, wadda ba a gaisawa sai da zagi.

"Ga bawana ya zo gaisuwa."

"Bawan wa? Kai da ka zo garinmu da wando ɗaya?"

"Da wando ɗaya na zo, na tarar ku ko ɗayan ba ku da shi, kullum kuna cikin ruwa kamar kwaɗi."

Haka muka tsufa. Muka yi aure, muka haifa, muka binne iyaye. Aka gina jami'a a garin, yashi ya yi daraja, tifa na bin tifa. Mu dai muna cikin ruwa.

Wata safiya matar yayana ta tare ni a zaure. Ba mai yawan magana ba ce.

Ta ce, "Ƙanina, tsaya ka ji. Yayanka yana ɓoye maka. Yanzu ba ɗigo ba ne, gudaji ne. In ya zaga bayan gida sai ya daɗe, ina jin nishinsa daga tsakar gida. Ya fito yana dafa bango."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina. Ya ce in na faɗa maka ba ni ba shi. To na faɗa."

Na lura da shi a ranar. A jirgi ba ya iya tsayuwa sosai, hannunsa ɗaya kullum a mara. Na san inda wannan hanyar take kaiwa. Na ga waɗanda suka bi ta cikin abokan aikinmu. Fitsari ya tsaya, ciki ya kumbura, a kai mutum Kano, a dawo da shi a kwance. Na ce masa mu je asibiti. Ya dube ni kamar na zage shi.

Ba a daɗe ba aka yi shela cewa ma'aikatan lafiya za su raba maganin tsargiya a ƙofar gidan mai unguwa, ga yara da duk mai aikin ruwa. Ƙwaya ce, ba allura ba, kuma kyauta. Aka ce kowa ya ci abinci kafin ya zo. Na ce da yayana ya raka ni. Da kalmar rakiya na samu ya taso.

Muka tarar da tebur, da bokitin ruwa da kofi, da wata malamar asibiti mai farin hijabi. Ƙwayoyin suna cikin wata babbar roba, ba hoto, ba komai. A gefe an jingina wata doguwar sanda da bango, an yi mata fenti kala-kala. Kowa ya zo sai ya cire takalmi da hula ya tsaya jikin sandar. Inda kanka ya kai, shi zai nuna yawan ƙwayar da za a ba ka.

Yayana ya tsaya cak.

A wurinmu mutum ɗaya ake aunawa da sanda daga kai zuwa ƙafa. In an yi rasuwa, akan samo karan dawa a gwada tsawon mamaci, a ba masu haƙa su tafi da shi maƙabarta, don kabari ya yi daidai. Ni da yayana mun yi wa mahaifinmu, da hannunmu. Ba a yi wa mai rai. Ko da wasa yaro ya gwada tsawon ɗan'uwansa da kara, sai ya sha mari.

Ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Da raina za a auna ni?"

Malamar ta ce, "Baba, ba haka ba ne. Don kada a ba ka ya yi yawa ko ya yi kaɗan."

"'Yata, ku gama da yara. In lokacina ya yi, ƙanena ya san inda kara yake."

Ya juya ya tafi. Dattawa uku ko huɗu suka bi bayansa. Ni ma na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na riga na cire takalmi. Na ce bisimilla na tsaya. Aka zuba mini a tafin hannu, farare, dogaye, da tsaga a jiki. Ɗaci da wari. Na haɗiye. Ranar jiri ya kwantar da ni, cikina ya murɗa. Washegari na tashi. Bayan ɗan lokaci jan da nake gani tun ina yaro ya ɗauke.

Na je na gaya masa. Yana zaune a gaɓa yana gyaran igiya.

"Yaya, tawa ta tsaya."

"Taka dama ba ta da ƙarfi."

"Ka zo ka sha."

"Abin da aka ba ka kyauta, a hannu, kamar ana ba kaza tsaba? Ko kwali ba shi da shi. Wa ya yi shi? Ina hotonsa? In abin kirki ne me ya hana su sayar?"

"Ni dai na sha, ga ni."

"Mutumin Lajawa ma da ƙafarsa ya tashi."

Ba a yi wa yayana gardama a kan wannan.

Na nemi malamar a inda suka koma rabo, wajen Indabo. Na ce ta ba ni nasa in kai masa. Ta ce ba a bayarwa a tafi da shi, a gabansu ake sha. Na ce to ba zai sha ba ke nan. Ta yi ɗan tunani, ta tambaye ni tsawonsa. Na ce kafaɗarmu ɗaya, tun muna samari a sahu ɗaya muke sallah, rigarsa ma nakan sa. Ta ce in haka ne adadinmu ɗaya. Ta ce ana samun irinsa a kemis, in tabbatar ya ci abinci sosai, in kuma jinin bai tsaya ba, ko da ɗaure shi ne a kai shi asibiti.

Na wuce kemis ɗin Bazazzagi. Ya tsufa shi ma, ya sa tabarau, amma bakin yana nan.

"Ƙanen bawana! Yau kai aka aiko?"

Ban amsa wasan ba. Na kwatanta masa ƙwayar. Ya taka kujera, ya lalubo wani ƙaramin kwali a can sama, ya hure ƙura, ya duba rubutun jiki ya ce bai lalace ba. Ya ɓalle ɗaya ya nuna mini. Ita ce. Fara, doguwa, da tsagarta.

Na ce, "Tun yaushe kake da wannan?"

"An daɗe."

"Kana kallonsa yana zubar da jini."

Ya cire tabarau. Ya ce, "Na taɓa yi masa maganarta. Ya ce farar ƙwaya ta asibiti ce, kada in sake. Ban sake ba."

"Don me?"

"Kana son gaskiya? Wannan sau ɗaya ake sha, mutum ya tafi. Jan kuwa kowane mako sai ya dawo. Ba wanda ya aiko mota da lasifika don wannan. Ni abin da aka koya mini in sayar, shi na iya sayarwa." Ya juya kwalin a hannunsa. "Ka san ma da farko don dabbobi aka yi ta? Tsutsar cikinsu. Daga baya aka ga tana yi wa mutane. Kada ka gaya masa wannan."

Na ce, "Ranar Juma'a za ka sayar masa."

"In na miƙa masa ba zai karɓa ba."

"Wannan aikinka ne. Kai ka sa shi shan jan ruwa tun yana saurayi. Ka san ƙofar da ka bi."

Ya ajiye kwalin. Sannan ya yi 'yar dariya. "Bakano ba ya son abin da aka ba shi. Abin da aka hana shi yake so. Ka zo tare da shi, amma ka rufe bakinka."

Rufe baki ba ya ba ni wuya.

Juma'a ta zo, muka biya bayan masallaci. Kwalin yana kan tebur, an goge shi, an ajiye a gefe kamar mantuwa aka yi. Aka yi zage-zagen da aka saba. Bazazzagi ya ɗauko jar kwalba, ya sa hannu zai kawar da kwalin, da sauri, yadda dole a gani.

Yayana ya ce, "Mene ne wannan kake ɓoyewa?"

"Ba naka ba ne."

"Na wa ne?"

"Wani Alhaji mai tifofi ya sa a kawo masa daga Kano. Na masu fitsarin jini ne, amma na manya. Ba a yi shi don masu nutso ba."

"Manya da wane irin jini suke fitsari?"

"Kai dai karɓi kwalbarka. Wannan yana da ƙarfi. Sai mutum ya ci tuwo ya ƙoshi, kuma ranar ba aiki. Yana shiga ya tarar da tsutsar a inda take kwance, su yi kokawa. Za ka ji jiri, za ka ji ciki na juyawa. Ragon mutum ba ya iyawa. Kai da allura ta kora tun kana saurayi?"

Na ga jijiyar wuyan yayana ta tashi. Ba wanda ke taɓa masa wannan maganar.

"Kawo in gani."

Yayana ya karɓa ya juya kwalin. Yana da launi shuɗi da fari, da rubutu, da tambarin kamfani, ƙwayoyin kowace a ɗakinta cikin takarda mai ƙyalli. A ƙofar mai unguwa bai matsa kusa da tebur ba, bai ga kamannin waɗancan ƙwayoyin ba.

Ya ce, "In Alhajin ya zo ka ce bawanka ya riga shi."

"Ba za ka iya kuɗinsa ba."

Yayana ya zura hannu a aljihu. Suka yi ciniki kamar ana sayen rago, da rantsuwa da tashi da dawowa. Bazazzagi ya ɓallo adadin da na faɗa masa, ya naɗe a takarda, yana ƙunƙuni wai an cuce shi.

Washegari da hantsi matarsa ta yi tuwo, ya ci, ya sha. Ina zaune a zaure. Kafin azahar ta leƙo ta ce in shigo. Yana kwance a tabarma, gumi ya jiƙa shi, ya riƙe ciki. Ya yi yunƙurin amai. Idonsa a buɗe, irin kallon da na gani a ɗakin shan magani muna samari.

Ya ce, "Bazazzagin nan ya kashe ni."

Na ce, "Ya faɗa maka za a yi kokawa."

"Ya faɗa."

"To ita ce."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Lallai yana da ƙarfi. Ba a banza ya yi tsada ba." Na riƙe masa kai, matarsa tana yi masa fifita. Ni kaina ban tabbata ba. Jikinsa ba nawa ba ne, ciwon ya daɗe yana cinsa. Na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, har la'asar. Sannan ya nemi kunu.

Jinin bai tsaya nan da nan ba. Ya ragu, gudajin suka daina, ya koma kamar ruwan wankin nama. Kullum ina tambayar matarsa a zaure, tana ba ni amsa da kai. Na riga na yi magana da wani mai mota, in ta kama a kai shi Kano da ƙarfi.

Wata safiya muna gaɓa, ana sauke jirgi, ya tafi bayan tudun yashi ya tsuguna. Ya daɗe. Na ajiye shebur. Sai na ji ya kira ni, ba da ƙarfi ba.

"Zo ka gani."

Na je. Ya nuna mini ƙasa da yatsa. Yashi ne jiƙaƙƙe, ba ja ko kaɗan. Muka tsaya a kai, tsofaffi biyu, muna kallo. Ya ce rabon da ya ga haka tun yana yaro, kafin ya fara azumi.

Bai warke sarai ba. Marar tana yi masa ciwo har yau, kuma fitsarin ba ya fita da sauƙi. Abin da tsutsa ta ɓata a shekarun nan ba ya gyaruwa. Amma ya daina nutso, ya koma liƙe jiragen da suka tsage da kwalta, a kan tudu. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Duk wanda ya yi masa kukan tsargiya sai ya ce ya je wurin Bazazzagi ya nemi na manya, kada ya yarda a ce masa babu. Ni ban ce masa komai ba, matarsa ma haka.